Schiele, Kokoschka ko Nolde: wa mai koyon zanen mutane da fentin ruwa zai bi?

Tambayarka dai ita ce kana koyon zanen mutane da fentin ruwa, kana so hannunka ya yi irin na Egon Schiele, mai zanen nan na ƙasar Ostiriya, amma duk sanda ka gwada sai kalar ta dagule ta yi duhu, sannan wani ya ce maka wai Schiele ɗin ma kwaikwayon wani babban mai zanen Viyana Gustav Klimt yake, masu zane Oskar Kokoschka da Emil Nolde sun fi shi iya fentin ruwa, shine kake so ka san wa ya fi kuma wa za ka bi.

To ƙanena, matsalarka ta farko ba a hannunka take ba, a idonka take, kana kallon Schiele kana ɗauka fentin ruwa ne ke yi masa aikin alhali layi ne. Schiele da Nolde da Kokoschka da ka lissafo duk sun taɓa fentin ruwa amma kowa da abin da yake sa wa gaba. Schiele layi yake fara ja kala ta biyo baya, Nolde ruwa da kala yake fara zubawa layi ya zo daga ƙarshe in ma ya zo, shi kuma Kokoschka a fentin ruwansa da burushin yake gina mutum kai tsaye. In ka ɗauki takardar wannan ka haɗa da dabarar wancan dole aiki ya ɓaci, kuma ina kyautata zaton abin da ke faruwa da kai kenan, kana jiƙa takarda sharkaf irin na Nolde sannan kana jiran ta ba ka kaifi irin na Schiele, ai ba zai yiwu ba.

Bari mu fara da kayan aikin kansa don mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Fentin ruwa garin kala ne aka kwaɓa da ƙaro, eh ƙaron nan dai na itacen dakwara da ake samu a Sudan da Chadi da nan Borno da Yobe da Jigawa, wanda malamai ke sa wa a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi, sai a ɗan ƙara zuma ko gilisarin don kar ya bushe ya tsattsage. Sirrinsa shine haske yana ratsa kalar ya taɓa farin takarda ya dawo idonka, shi ya sa yake walƙiya, kuma shi ya sa ba a sa farin fenti a cikinsa, inda kake son fari sai ka bar takardar haka nan ba ka taɓa ba. Akwai kuma ɗan uwansa da ake ce wa gwash, shi ma da ƙaro ake haɗa shi amma yana da kauri, sau da yawa da farin alli a ciki, haske baya ratsa shi, yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. To yawancin hotunan Schiele da kake gani a intanet an rubuta fentin ruwa, in ka duba bayanin gidan tarihin da ke ajiye da su za ka ga an ce fensir ko baƙin kireyon da fentin ruwa da gwash, duka uku a takarda ɗaya. Ko shahararren nan na 1917, matar da ta zauna ta ɗora kumatunta a kan gwiwa da koriyar riga, wanda ke birnin Prag, haɗin kenan. Kaga in kana da fentin ruwa zalla irin na kwalin 'yan makaranta kana neman wannan kaurin ba za ka same shi ba, sai ka yi ta maimaita shafawa a wuri ɗaya har takardar ta gaji kalar ta mutu.

Schiele an haife shi 1890 a Tulln ta ƙasar Ostiriya, babansa shugaban tashar jirgin ƙasa ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara 14. Ya shiga makarantar koyon zane ta Viyana a 1906 yana ɗan 16, ya bar ta 1909 saboda ba sa jituwa da malaminsa Griepenkerl wanda tsohon yayi ne na gaske. Ya rasu 31 ga Oktoba 1918 da murar nan da ta game duniya a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, kwana 3 bayan matarsa Edith ta rasu da cikin wata 6, shekarunsa 28 kacal. Amma a ɗan wannan lokacin ya bar zane a takarda sama da 2,500, na fentin mai kuwa 300 da 'yan kai ne. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka inda ƙarfinsa yake, mutumin takarda da fensir ne.

Waɗanda suka zauna da shi suka ga yana aiki sun ce da sauri yake zane, baya amfani da abin gogewa, in wanda yake zanawa ya motsa sai ya ja sabon layi kusa da tsohon ko ya jefar da takardar ya ɗauki wata, kuma kalar ma ba a gaban mutumin yake sa ta ba, sai bayan an tashi yake zama ya cike daga abin da ya riƙe a kansa. Wani lokacin har kan tsani yake hawa ya kalli mutum daga sama, shi ya sa za ka ga jikin ya lanƙwashe wani iri kamar ba ƙasa a ƙarƙashinsa. Hannunsa irin na mai zanen lalle ne, inda ta ɗora ta ɗora babu komawa baya, ƙarfin abin duk yana cikin rashin shakkar nan. Sai kalar, ka lura da kyau baya cike jiki gaba ɗaya. Yana bin gaɓoɓi ne, gwiwar hannu, ƙashin wuya, haƙarƙari, gaɓar yatsu, ya ɗan goga ja ko kore ko ruwan lemo da burushi mai tauri wanda bai sha ruwa sosai ba har kana ganin sawun gashin burushin, sauran jikin kuma ya bar wa takardar. Takardar ma sau da yawa ba fara ba ce, mai ruwan ƙasa ce irin ta naɗe kaya, ita ce ke zama launin fatar. A ayyukan 1910 har yana zagaye mutum da farin gwash mai kauri don ya ɓullo daga takardar, ba kujera ba bango ba komai, mutum kawai a fili.

In kana son ganin fentin ruwansa mai sanyi to ka nemi waɗanda ya yi a kurkuku. A Afrilun 1912 aka kama shi a Neulengbach kan zargin da ya shafi wata yarinya ƙarama, manyan tuhume-tuhumen sun faɗi amma an same shi da laifin barin zanen batsa a inda yara za su gani, ya yi kwana 24 a tsare, alƙalin ma ya ƙona ɗaya daga cikin zanen a kan kyandir a kotu. A cikin ɗakin ya zana ƙofa da kujera da bokiti da gadonsa da lemon zaƙi guda ɗaya a kan bargo, suna gidan tarihin Albertina a Viyana yanzu. Wannan na lemon shine darasin da nake so ka ɗauka, takarda kusan duka toka-toka da layin fensir, sai ɗigon kala mai zafi guda ɗaya, kuma ido baya iya barin wurin. Kuma tunda maganar ta zo, gara in faɗa maka tun yanzu, kaso mai yawa na aikin mutumin nan tsiraici ne, wasu ma sun wuce gona da iri ko a ma'aunin mutanensa, in za ka bincika ka nemi hotunan fuskarsa da ya zana kansa, da hannaye, da fursunonin yaƙi 'yan Rasha da ya zana lokacin yana soja, da gidajen garin Krumau garin mahaifiyarsa, duk abin da kake buƙata na dabara yana cikin waɗannan.

Maganar wai kwaikwayon Klimt yake, wannan rabin gaskiya ce kuma rabin nata ya ƙare tun 1909. Klimt ya girme shi da shekara 28, ya taimaka masa, ya sayi zanensa, ya haɗa shi da masu kuɗi, kuma shine ya ba shi wuri a babban baje kolin Viyana na 1909 inda yaron ya ga aikin manyan masu zane Munch da Van Gogh da idonsa. Ayyukansa na wannan lokacin kam ba musu ƙamshin Klimt ne, ado da zinariya da azurfa. Amma daga 1910 sun raba hanya. Klimt ɗan maƙerin zinariya ne, yana lulluɓe mutum da ado har sai fuska da hannu kawai suka rage, layinsa a takarda mai laushi ne yana zagayawa yana maimaituwa. Schiele kuwa cire adon ya yi ya bar ƙashi da jijiya, layinsa yana tafiya sai ya karye a gaɓa. Kuma ga mai neman fentin ruwa Klimt ba shi da abin da zai ba ka sosai, dubban zanensa na takarda yawanci fensir ne da alli. In ma ana neman wanda ya buɗe musu wannan ƙofar su duka to Rodin ne na Faransa, mai sassaƙa, wanda a tsufansa yake barin mutane su yi ta yawo a ɗakin aikinsa yana zana su ba tare da ya kalli takardar ba, daga baya ya shafa ruwan kala siriri wanda bai ma damu ya tsaya cikin layin ba. A 1906 har garin Marsai na Faransa ya bi 'yan rawar sarkin Kambodiya yana zana su. Ka nemi waɗannan ka gani, za ka gane cewa kala ba dole ta yi wa layi biyayya ba.

Kokoschka kuma wani mutum ne daban, an haife shi 1886 ya kai har 1980, kaga shi ya ga tsufa, ya ga yaƙi biyu, an ji masa mummunan rauni a 1915, Nazi sun sa aikinsa cikin abin da suka kira lalataccen zane a 1937, ya gudu daga Prag zuwa Landan a 1938. Da shi da Schiele a Viyana suka fara suna kusan lokaci ɗaya kuma shi ya riga fitowa, tun baje kolin 1908 ake ce masa shugaban 'yan tayar da ƙayar baya, kuma har ya tsufa baya son a haɗa sunansa da na Schiele, raina shi yake. In ka jera hotunan mutanen da suka zana wajen 1910 za ka ga kamar, duk su biyun hannaye suke sa wa magana, yatsu a miƙe ko a murɗe. Bambancin shine Schiele kansa ya fi kallo, madubi ne abokinsa, ko wani ya zana sai ka ga ɗan Schiele a ciki. Kokoschka wasu yake kallo, yana barin mutum ya yi ta surutu yana motsi shi kuma yana tono abin da ke cikinsa, har yana karce fentin da farce ko gindin burushi. Amma wannan a fentin mai ne. Fentin ruwansa na gaske ya zo ne bayan ya koma Dresden ta Jamus inda ya zama malamin zane daga 1919, a nan ya yi ta zana 'yan mata a tsaye ko a zaune da faffaɗan burushi, ja nan shuɗi can ɗorawa gefe, a bar fari tsakaninsu, babu wani layin da ya kewaye su amma in ka ja baya sai ka ga mutum ya tashi. A 1953 ya buɗe makarantar bazara a Salzburg ta Ostiriya wadda ya kira makarantar koyon gani, kuma da fentin ruwa yake sa ɗalibai aiki, wanda ake zanawa baya daɗewa a tsayuwa ɗaya, don me, don fentin ruwa baya ba ka damar gyara, dole ka kalla da kyau kafin ka taɓa takarda. Ni a wurina in ana maganar koyo wannan ya fi kowa amfani a cikinsu.

Nolde shine gwanin ruwa, wannan ba gardama, wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba. Bajamushe ne daga can arewa kan iyakar Denmak, 1867 zuwa 1956, asalin sunansa Hansen ya ɗauki sunan ƙauyensu. Yana amfani da takardar Japan mai shan ruwa, ya jiƙa ta, ya cika burushi taf da kala mai ƙarfi ya ɗora, kalar ta nutse cikin takardar ta bazu da kanta, shunayya ta shiga ruwan lemo, shuɗi ya shiga baƙi, shi kuma yana tsaye yana kallon inda fuska za ta fito sai ya bi da ɗan layi ya kama ta. Shi ya sa mutanensa ba su da ƙashi, kamar daga hayaƙi suka fito, ido da leɓe da gashi kawai, in ka nemi gwiwar hannu irin ta Schiele ba za ka samu ba. Dalilin da ya sa tasa kalar bata dagulewa duk da yawan ruwan shine baya dama ta, yana ɗorawa ya ɗauke hannu, ruwan ne ke haɗa su ba burushi ba. Kai kuwa na tabbata kana komawa kana shafawa kana gyarawa, nan ne ake samun lakar.

Akwai ƙananan zane kusan 1,300 da ya yi a gidansa na Seebüll wajen 1938 zuwa 1945, ba su wuce shafin littafi ba, su ne ake kira hotunan da ba a zana ba. An daɗe ana ba da labari cewa wai Nazi sun hana shi aiki shine yake ɓuya yana fentin ruwa don kar a ji warin fentin mai. Gaskiya ne an kwashe ayyukansa sama da 1,000 daga gidajen tarihin Jamus, an kuma hana shi sana'ar a 1941, amma mutumin ɗan jam'iyyar Nazin ne tun 1934, mai ƙin Yahudawa ne na gaske kuma bai daina goyon bayan Hitler ba har yaƙi ya ƙare, bayan yaƙin ne ya gyara tarihinsa ya fito a matsayin wanda aka zalunta. Baje kolin da aka yi a Berlin a 2019 ya fito da takardunsa fili, har shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin Angela Merkel ta sa aka sauke hotunansa daga bangon ofishinta. Wannan bai rage wa shuɗinsa kyau ba amma kar ka je kana maimaita tatsuniyar warin fenti a gaban wanda ya sani.

Wani abu a Nolde da zai yi maka amfani kai tsaye, tunda dai mutanen da za ka zana baƙaƙen fata ne ba Turawan Viyana ba. A 1913 zuwa 1914 ya bi wata tawagar ofishin mulkin mallakar Jamus zuwa Niyu Gini ya zana fuskokin mutanen can da fentin ruwa. Tafiyar mulkin mallaka ce, a san da wannan, amma ka kalli yadda ya yi fatar, ba baƙin fenti ya kwaɓa ya shafa ba, ruwan ƙasa mai ja ne da shuɗi da shunayya suna shiga juna. Dabarar Schiele ta barin takarda ta zama fata tana aiki ne saboda mutanensa farare ne ramammu, kai in ka bar farar takarda a fuskar mai shayin unguwarku ai ba shi ka zana ba. Abin da za ka yi shine ka haɗa ruwan ƙasa mai ja wanda ake ce wa bon siyena da shuɗin altramarin, su biyun nan suna ba ka tun daga launin goro har kusan baƙi gwargwadon wanda ka fi yawaitawa, ka fara da siriri ka bari ya bushe sarai sannan ka ɗora na biyu a inuwa kawai, goshi da kan hanci da saman kumatu inda haske ke sauka ka bar su da ɗan shuɗi-shuɗi mai ruwa. Baƙin da ke cikin kwali ka manta da shi a fata, kashe fuska yake. Ko kuma ka bi Schiele ta wata hanyar, ka samo takarda mai ruwan ƙasa mai kauri ta zama tsakiyar launin, ka yi duhu da fentin ruwa ka yi haske da gwash, wannan kam yana kama fatarmu sosai fiye ma da yadda ya kama tasu.

Ban so in bar George Grosz a baya ba ko da baka ambace shi ba, don shine ya haɗa hanyoyin biyu. A Berlin ta shekarun 1920 yana zana attajirai masu ƙaton wuya da sojoji guragu da matan titi, ya jiƙa takarda kala ta bazu irin na Nolde sannan ya bi da alƙalami mai kaifi, an kai shi kotu fiye da sau ɗaya kan zanensa kafin ya tafi Amurka a farkon 1933. In daga baya kana son ruwa da layi duka to shi za ka duba, amma ba yanzu ba.

Wa ya fi kenan? In fentin ruwa zalla ake nufi, sanin halin ruwa da takarda, Nolde ne, Kokoschka na biye. In zanen jikin ɗan Adam ake nufi Schiele ya yi musu nisa, babu wanda ya kama ƙafarsa a layi cikin su ukun, kuma a ganina in ka cire kala daga aikin Schiele kusan komai yana nan, in ka cire ta daga na Nolde babu abin da ya rage. Sai dai Schiele yana da haɗari ga mai koyo, salonsa yana da sauƙin sata, kowa zai iya jan dogayen yatsu ya kumbura gaɓoɓi ya ce ya yi Schiele, kuma wallahi na ga ɗalibai da yawa sun maƙale a nan shekara da shekaru suna zana mutane kamar masu jinya. Sun manta shi sai da ya yi shekara 3 a makaranta yana zana jiki daidai yadda yake kafin ya fara murɗa shi, ya san inda ƙashin yake shi ya sa in ya karkatar da shi baya faɗuwa.

Don haka ga yadda zan ce ka yi. Ka ajiye fentin tukuna ka ɗauki biro, ba fensir ba, biro don kar ka goge, ka zauna inda mutane ke zama, tasha ko bakin kasuwa ko gida, ka zana su idonka na kansu ba kan takarda ba, hannaye musamman. In layin ya fara tsayuwa da ƙafarsa sai ka ɗauko kala biyu ko uku kawai, ka sa a gaɓoɓi da inuwa da burushi mai ɗan danshi, ka bar sauran. Wannan ɓangaren Schiele kenan. A wata ranar daban kuma ka yi na Kokoschka, babu fensir sam, babban burushi, ka sa ƙaninka ya tsaya ya riƙa canza tsayuwa duk bayan 'yan mintuna, za su fito da muni da farko, haka ake so. Na Nolde ka bar shi sai ka samu takarda mai kyau don a takardar fotokwafi ba zai yiwu ba, kumbura za ta yi ta yage. Ka nemi mai kauri wadda aka rubuta giram 300 (300gsm) a jikinta, in da hali ta auduga irin ta kamfanin Arches ko Fabriano, tana da tsada kam, sai ka yanka ta ƙanana ka yi amfani da gaba da baya, kuma in kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin fenti mai tsada da takarda mai tsada to takardar za ka saya. Mai santsi ta fi dacewa da aikin layi, mai ɗan kaushi ta fi riƙe ruwa.

Ka kuma yi la'akari da yanayinmu, su mutanen nan a ƙasar sanyi da laima suka yi aiki, takarda na daɗewa a jiƙe. Nan da hunturu ko zafin Afrilu kafin ka wanke burushi ka dawo ta bushe ta bar maka tabo mai kaifi a tsakiyar kumatu. Ka kashe fanka, ka yi aiki da sassafe ko da dare, ka jiƙa bayan takardar ma ka shimfiɗa ta kan gilashi ko farantin roba ta manne, hakan na ƙara maka lokaci sosai, ka kuma kwaɓa kalolinka duka kafin ka jiƙa ta. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta, kar su haɗu. In ka gama kuma kar ka rataye shi inda rana ke duka, fentin ruwa yana kodewa, shi ya sa ko a Albertina ba kullum ake fito da na Schiele na ainihi ba, 'yan watanni ne cikin haske mara ƙarfi a mayar da su akwati.

In ka yi na biron nan na ɗan lokaci ka turo hannaye biyar ko shida mu gani, daga su zan iya faɗa maka ko lokacin ɗaukar burushi ya yi.